Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: Kafin A Auna Gonakinmu Da Sunan Filin Wasa

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

 Ina roƙon Allah ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da talakawan Kano suka ɗora maka, ya kuma haɗa ka da mashawarta na gari.

Daga Bacirawa nake rubuto maka, nan arewacin Kano, inda gona take manne da gona, mutum ya tashi daga wannan gari ya shiga wancan bai ratsa daji ko saura ba. Noma na gada, koyarwa kuma ita ce aikina. Maganar ƙwallo ce ta sa na ɗauki alƙalami, amma idan ka bi ta a hankali za ka tarar maganar kuɗin jama'a ce da ƙasar noma.

Ranka ya daɗe, akwai kiran da ke ƙara ƙarfi a majalisun matasa da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo. Duk ranar da Super Eagles suka buga wasa a Uyo, aka hasko wancan fili da fitilunsa da koriyar ciyawarsa, sai ka ji ana tambaya: da me Akwa Ibom ta fi Kano? Da Barau FC ta hau babbar gasar ƙasa a 2025 ta tarar da Pillars a can, sai masu kiran suka samu ƙarin hujja, suka ce jiha mai ƙungiya biyu ai ta wuce filin Ƙofar Mata. Ba su tsaya a kan sha'awa kaɗai ba. Cewa suke yi sabon katafaren fili jari ne: zai samar da ayyukan yi, ya jawo baƙi, ya cika otal-otal, ya mayar da kuɗinsa har da riba. Irin wannan zance ba ya daɗewa a bakin majalisa. Wata rana zai zama takarda mai zane-zane masu launi, ɗan kwangila ya rako ta har teburinka. So nake tawa wasiƙar ta riga ta isa.

Kada a ɗauke ni maƙiyin ƙwallo. Masu Gida, wato Pillars, nake yi tun ina saurayi. Na yi murnar kofin 2008, da ukun da suka biyo baya a jere a 2012 da 2013 da 2014. Ina cikin waɗanda suka raba dare suna murna a 2009 da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar ta je har wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, kuma faɗuwarta daga babbar gasa a 2022 ta yi mini ciwo. Wannan farin ciki na gaske ne, yana haɗa ɗan birni da ɗan ƙauye a benci ɗaya, kuma gwamnati tana da hurumin ta kashe masa wani abu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a shigo mana da shi da rigar riba, alhali babu ribar.

Mu zauna mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Filin Uyo, wanda aka buɗe a Nuwamban 2014, yana cin mutum 30,000, kuma an ruwaito ya ci dala miliyan 96. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, ya kama naira biliyan 144. Gasar ƙasa ƙungiya 20 ce, kowace tana buga wasa 38, daga ciki 19 a gida. To mu ɗauka an gina mana irinsa. Mu ɗauka kowane wasa ya cika maƙil, babu wanda ya haura katanga, babu yaron wane da ya shiga kyauta, kowa ya biya naira 1,000 a ƙofa. Wasa ɗaya ya ba da miliyan 30, wasa 19 ya ba da miliyan 570 a shekara. A haka sai an shekara sama da 250 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ko ƙungiyoyin biyu ne suka haɗu a filin kuma kowace ta cika shi, ana maganar shekara 125 da ɗoriya. Ban cire kuɗin man janareta ba, ban cire ban-ruwan ciyawa a zafin Afrilu ba, ban cire albashin ma'aikata da sallamar jami'an tsaro ba, ban kuma taɓa kuɗin ruwa ba idan bashi aka ciwo. Duk ɗan kasuwar Kwari da aka kai wa wannan lissafi ba zai bari a ƙarasa karanta masa ba.

Za a ce ai ba kuɗin ƙofa ake dubawa ba, cinikin da ake yi a kewayen fili ne. Gaskiya ne ranar wasa mai tsire da mai gurasa da mai rake da mai ruwan leda suna samu, ɗan adaidaita sahu ma yana yin sawu da yawa, kuma ina taya su murna. Sai dai a tambaya: daga aljihun wa kuɗin ya fito? Daga aljihun Bakano ne. Saurayin da ya tashi daga nan Bacirawa ya kashe dubu uku tsakanin mota da tikiti da abin taɓawa, da bai je ba, a teburin mai shayin garinmu zai kashe ta, ko a gidan kallo, ko ya ƙara a cefanen gida. Kuɗin bai ƙaru ba, unguwa ya sauya. Tamkar mutum ne ya ɗebi gero a wannan rumbu ya juye a wancan, ya ce ya yi sabon girbi.

Kuɗin da ke ƙara wa jiha arziki shi ne wanda baƙo ya shigo da shi. Baƙin da wasan lig yake kawowa kuwa mota ɗaya ce ko biyu ta 'yan wasa da jami'ansu, su kwana ɗaya ko biyu su juya. Ka kwatanta da Dawanau, nan kusa da mu, inda kullum tireloli ke lodin riɗi da zoɓo da wake da waken suya, fatake suna zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin ƙasar nan. Ka kwatanta da Kantin Kwari da Singa da Ƙofar Wambai. Waɗannan su ne filayen da Kano take cin kofinta a cikinsu, kuma ba kwana 19 suke buɗewa a shekara ba. Titi mai kyau da magudanar ruwa da motar kashe gobara a waɗannan kasuwanni sun fi kowane filin wasa jawo baƙo.

Batun ayyukan yi ma haka yake. Julius Berger ne ya gina na Uyo, kuma duk wanda zai gina irinsa babban kamfani ne mai injunansa da ƙwararrunsa. Fitilu da allon nuna maki da kujeru da rufi, mafi yawansu da dala za a shigo da su. Abin da zai sauko wa yaranmu shi ne leburanci na shekara biyu ko uku. Bayan an yanka zare sai masu gadi da masu shara da masu kula da ciyawa. Wannan kuɗin da za a watsa shi a ajujuwa da kwalbatoci da yashe hanyoyin ruwa na madatsun Watari da Tomas, birkilan Bichi da kafintan Ɗambatta da mai bulon Minjibir ne za su ci, kuma aikin zai ci gaba da haifar da wani aikin.

Wannan ba tunanin malamin ƙauye ba ne kawai. A Amurka, inda birane suka daɗe suna gina wa attajiran ƙungiyoyi filaye da kuɗin haraji, masana tattalin arziki sun bi sawun maganar. Roger Noll da Andrew Zimbalist sun tattara nazarce-nazarce a kai tun 1997, ba su ga filin da ya bunƙasa arzikin birninsa daidai da abin da aka kashe masa ba. Daga baya Bradbury da Coates da Humphreys suka bi nazari sama da 130 na tsawon shekara 30, sakamakon bai sauya ba. Can kuwa tikiti da tsada yake, ga kuɗin talabijin mai yawan gaske. Idan bai biya kansa a can ba, da me zai biya a nan, inda yawancin masu son ƙwallonmu hankalinsu yana kan Arsenal da Real Madrid a gidan kallo?

Ba ma sai mun je nesa ba, Kano ta riga ta gwada. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999. Ya karɓi Gasar Kofin Afirka a 2000, wadda Najeriya da Ghana suka shirya tare, Masar da Senegal suka buga a gabanmu. A Yunin 2005 a nan aka tashi 1-1 da Angola, wasan da har yau ake tunawa da shi idan ana maganar rashin zuwanmu gasar kofin duniya a Jamus. A 2009 kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya ta zo. Babu abin da filin wasa zai iya jawo wa birni irin namu da bai jawo ba a shekarun nan goma. Mun ji daɗi, sunan Kano ya fita duniya, na yarda. Amma a cikin shekarun ne dai masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suke rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Ka sa ma'aikatar kasuwanci ta kawo maka sunan masana'anta ɗaya tak da ta tsaya da ƙafarta albarkacin waɗannan gasanni.

Ranka ya daɗe, kai injiniya ne, ka riƙe ma'aikatar ayyuka daga 2011 zuwa 2015, ka fi ni sanin cewa kashe wa gini kuɗi ba ya ƙarewa ranar buɗe shi. Filin ƙasa na Abuja an gina shi ne don wasannin Afirka na 2003 a kan kimanin dala miliyan 360, mai cin mutum 60,000. Bai kai shekara ashirin ba ciyawarsa ta lalace har ya daina karɓar manyan wasanni, sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya sa kuɗinsa aka gyara. Na Surulere a Legas, wanda ya karɓi wasannin Afirka na 1973, kuma a cikinsa Najeriya ta ɗaga kofin Afirka na farko a 1980, ya shafe shekaru a yashe. Gwamnatin tarayya ke nan da duk ƙarfinta. A Brazil, filin Manaus ya ci kusan dala miliyan 300 don wasa huɗu na gasar duniya ta 2014, na Brasilia kuma, wanda ya ci sama da dala miliyan 500, har wurin ajiye motocin bas aka mayar da harabarsa. Birnin Montreal na Kanada ya karɓi Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin ba sai 2006.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wanda mai zanen takarda ba zai rubuta ba. A ina za a kafa wannan fili? Ba a Fagge ba, ba a Nasarawa ba, can babu masaka tsinke. Bayan gari za a fito, bayan gari kuwa mu ne. Katafaren fili da wurin ajiye motoci da titunan shiga da fegin da manya za su yanka a kewaye, hekta da yawa ne, kuma a wannan yanki babu taƙi ɗaya da ba shi da mai shi. Ƙasar nan shekara da shekaru ake nomanta ba hutu. Abin da ya riƙe ta shi ne takin da iyayenmu suka riƙa ɗaukowa daga birni a mangalar jaki, da na turken awaki, da ganyen gawo, da dabarar haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Turawan bincike irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin yadda ƙasa ƙanƙanuwa take ciyar da jama'a mai yawa haka ba ta mutu ba. Gumin kakanni ne a cikinta. Duk rabon gado gona ƙara tsukewa take yi, wanda kakansa ya noma eka goma yau da ƙyar yake da ɗaya, ga birni yana matsowa da awon igiya.

Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa maka filayen jiha amana, ta kuma ba ka ikon karɓa don amfanin jama'a. Amma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce: gini, shuka, itatuwa. Ba farashin ƙasar ba ne. Manomi sai a ƙirga masa mangwaro da ɗorawa da kuka, a kimanta amfanin damina ɗaya, a sallame shi. Inda dokar ta yi zancen musanya masa wata gonar, a wannan yanki ina za a samo ta? Kuɗin diyya ba ya kai shekara, a yi aure ɗaya, a sayi babur, shi ke nan. Mun ga magidantan da suka tashi daga masu rumbu suka koma masu awo a kasuwa, 'ya'yansu suna tura baro a birni. Idan asibiti ne ko makaranta, mutum yana haƙura, ya san jikansa zai mora. A raba shi da abincinsa na har abada saboda ginin da za a buɗe sau 19 a shekara, wannan ba ƙaramin alhaki ba ne, kuma ba na so ya hau wuyanka.

Abin da zai ba ka mamaki, su ma yaranmu fili suke nema, amma ba irin wancan ba. A garuruwan nan ƙwallo wasan rani ce. Sai an yi girbi an kwashe kara sannan samari su roƙi mai gona, su share, su kafa sanduna. Ruwan farko yana sauka, garma ta shiga, wasa ya mutu sai wata kakar. Filayen firamare da a da ake taruwa a cikinsu, wasu an cusa musu ajujuwa saboda yawan yara, wasu gidaje da shaguna sun ci gefensu. Akwai yaron da Allah ya ba ƙafa a kowane ƙauye, amma wata huɗu zuwa biyar na shekara ba shi da inda zai taɓa ƙwallo. Su Rabi'u Ali Pele ba a kan kujerun filin zamani aka gano su ba, a filin unguwa suka tashi.

Jihar nan mazaɓu 484 take da su a ƙananan hukumomi 44. Naira biliyan 144 ɗin nan idan aka raba, kowace mazaɓa ta tashi da kusan miliyan 300. Ba ma buƙatar ko rabin rabinsa. Abin da muke roƙo shi ne a sayi fili ɗaya a kowace mazaɓa, saye na yardar mai shi a farashin kasuwa, ba karɓa ba. A yi masa takardar mallaka da sunan makarantar garin ko al'ummarsa yadda wani shugaban ƙaramar hukuma ba zai wayi gari ya yanka shi ba. A daidaita shi, a kafa raga, a zagaye shi da darbejiya, a haƙa rijiyar burtsatse a gefe wadda mata ma za su ɗebi ruwa. Filayen makarantun da suka rage kuma a auna su a kafa musu shaida tun kafin su ƙare. Wannan ya dace da dokar ta-ɓaci da ka ayyana a kan ilimi a Yunin 2024, domin makarantar da ba ta da filin wasa ba ta cika makaranta ba. Irin wannan fili kullum a cike yake: safe 'yan makaranta, yamma samari, da kaka a yi kokawa da dambe da langa, ranar idi a yi salla. Fili kaɗai ba zai kawar da shaye-shaye da ƙwacen waya ba, amma duk malamin makaranta ya san bambancin yaron da ke da atisaye ƙarfe huɗu da wanda yammacinsa ba shi da inda za shi.

Filin Ƙofar Mata kuma a riƙe shi da kyau, shi da na Sabon Gari. A gyara ciyawa da fitilu da banɗakuna da ƙofofin shiga, a ware kuɗin kula da su a kasafi kowace shekara, a kira shi da sunansa, wato hidima ga jama'a. Abin da ke hana magidanci zuwa da ɗansa kallon wasa ba tsufan gini ba ne, tsoron jifa da turmutsutsu ne. A 2022, bayan hargitsin wasan Katsina United, sai da aka kori Pillars daga gida ta koma buga wasanninta a Abuja. Sabon fili ma idan aka yi jifa a cikinsa rufe shi za a yi. Tunda kuma Pillars ta gwamnati ce, da kuɗin talaka ake biyan 'yan wasanta, ina roƙon a riƙa buga lissafinta a fili duk ƙarshen kaka: nawa gwamnati ta bayar, nawa aka tara a ƙofa, nawa aka samu a sayar da 'yan wasa da talla. Ƙungiyar da ke da magoya baya irin na Masu Gida, idan an toshe ɓaraka, ta isa ta ɗauki babban kaso na nauyin kanta.

Ba zan rufe ba sai na tuna da yaranmu da suka rasu a ƙarshen Mayun 2025, 'yan wasa da jami'ai sama da ashirin, a hanyarsu ta dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun, motarsu ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya, saura ƙiris su iso gida. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Idan akwai kuɗin wasanni a baitulmali, waɗanda suke sa rigar Kano su ne farkon masu haƙƙi a kansa: mota mai lafiya, direbobi biyu a doguwar tafiya, masauki a hanya maimakon tuƙin dare, inshora, da alawus a kan lokaci. Duk wannan bai kai kuɗin rufin katafaren fili ba.

Idan kuwa masu takarda suka dage cewa akwai riba, to Kano ba ta rasa attajirai ba. Ahmed Musa, wanda gwamnatinka ta naɗa babban manajan Pillars a 2025, da kuɗinsa ya gina cibiyar wasanni a cikin birnin nan. Duk mai ganin katafaren fili zai biya, ya haɗa jari da abokansa, ya sayi ƙasa a hannun masu ita da yardarsu, gwamnati ta sauƙaƙa masa takardu. Kada dai ta tsaya masa lamuni a banki, kada ta ba shi gonakin mutane kyauta, kada kuma a sa hannu a yarjejeniyar da riba tasa ce, asara ta jiha. Ranar da irin wannan takarda ta iso gare ka, ina roƙon ka tura ta Majalisar Dokoki a karanta lissafinta a bainar jama'a, a kuma gayyaci dagatai da masu unguwanni da manoman wurin da aka nuna a taswira, a ji ta bakinsu kafin mai awo ya sauke kayansa.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta kuma manomi,
Bacirawa, Jihar Kano.